Inda ake kwana da inda ake aiki: yadda za a fahimci alƙaluman ayyukan yi a biranen gefe

Duk lokacin da wani birnin gefe mai saurin bunƙasa ya fitar da rahotonsa na shekara, akwai labarai uku da kan biyo juna, su bar mai karatu yana sosa ƙeya. An ce rashin aikin yi a garin ya yi ƙasa ƙwarai. A mako guda kuma sai a ji asibitoci da makarantu da masu shaguna na kukan sun rasa waɗanda za su ɗauka aiki. Da asuba kuwa hanyoyin fita daga garin cike suke maƙil da mazauna da suka nufi wani wurin neman na kansu. In ayyuka sun yi yawa har ana neman masu yi, me ke fitar da mutanen garin? In kuma suna fita, su wane ne ke riƙe da ayyukan da ake ta sanarwa?

Duka ukun na iya zama gaskiya a lokaci ɗaya. Abin da ke kawo ruɗanin shi ne, ba mutane ɗaya ake ƙirgawa ba.

Wa ake ƙirgawa, kuma a ina?

Birnin gefe shi ne garin da ya tashi a kewayen wani babban birni, sau da yawa yana da hukumarsa da harajinsa, amma rayuwarsa na rataye da ta uwar birnin. Yawancin irin waɗannan garuruwa sun fara ne a matsayin garin kwana: mutum ya fita da safe, ya dawo bayan faɗuwar rana.

A tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda yawancin hukumomin ƙididdiga ke bi, mai aiki shi ne duk wanda ya yi aikin da za a biya shi ko ya ci riba, ko da na awa ɗaya ne a cikin makon da aka yi tambayar. Marar aiki kuwa sai ya cika sharuɗɗa uku: ba shi da aiki, ya nema a 'yan makonnin da suka wuce, kuma a shirye yake ya kama in ya samu. Waɗannan rukunoni biyu su ne ake cewa suna cikin kasuwar ƙwadago. Ɗalibi da ɗan fansho da matar da ke rainon yara a gida da wanda ya nema har ya gaji ya haƙura, duk suna waje, ba a sa su a lissafin rashin aikin yi.

A ɗauki misalin gari mai manya 100, inda 60 ke aiki, 3 ke nema, sauran 37 ba sa nema. Rashin aikin yi a nan 3 ne cikin 63, wato kusan kashi 4.8 cikin ɗari. Idan biyu daga masu neman suka fid da rai suka zauna, lissafin zai sauko ƙasa da kashi 2, alhali babu ko mutum ɗaya da ya samu aiki. Shi ya sa masana ba sa karanta wannan ma'auni shi kaɗai, sai sun haɗa da na yawan manyan da ke cikin kasuwar tun farko.

Bambanci na biyu ya fi wannan muhimmanci ga birnin gefe. Akwai ƙirgen da ake bin mutane gidajensu, akwai kuma wanda ake bin masu ɗaukar aiki. A Amurka, hukumar ƙididdigar ƙwadago na tambayar gidaje kimanin 60,000 kowane wata, kuma a gefe guda tana karɓar bayanan albashi daga kamfanoni da ma'aikatu. Ƙirgen farko na ɗora mutum a kan garin da yake kwana, na biyu na ɗora aikin a kan garin da ake yin sa. A matakin ƙasa baki ɗaya tazarar ba ta da yawa. A ƙaramin birnin da rabin mutanensa ke tsallaka iyaka kullum, alƙaluman biyu sukan yi hannun riga. Ƙarancin marasa aiki a tsakanin mazauna yana nuna irin mutanen da suka iya sayen gida ko biyan haya a wurin. Bai ce komai ba game da yawan ayyukan da ke cikin garin.

Yadda garin kwana ke rikiɗa

Mutane ne ke fara zuwa, ayyuka su biyo sawu. A Amurka an ga hakan ƙarara bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dokar 1944 ta sauƙaƙa wa tsofaffin sojoji bashin sayen gida, kamfanin Levitt ya gina gidaje sama da 17,000 a Levittown da ke kusa da New York tsakanin 1947 da 1951, dokar 1956 kuma ta buɗe ƙofar shimfiɗa manyan hanyoyi tsakanin jihohi. Da farko shaguna da makarantu ne suka bi jama'a. Daga baya ofisoshi da masana'antu suka lura cewa fili ya fi araha a gefe, kuma ma'aikatansu can suke zaune. Wani nazarin cibiyar bincike ta Brookings na 2009 ya gano cewa a manyan yankunan birane 98 na ƙasar, kashi 21 kacal na ma'aikata ke aiki cikin mil uku daga tsakiyar birni, kashi 45 kuwa wurin aikinsu ya wuce mil goma.

Frisco da ke arewacin Dallas a jihar Texas na nuna saurin da abin ke iya yi. Ƙidayar 2000 ta samu mutum 33,714 a garin, ta 2010 ta samu 116,989, ta 2020 kuma 200,509. Ƙungiyar ƙwallon Dallas Cowboys ta buɗe hedikwatarta a can a 2016, maƙwabciyarta Plano kuma ta karɓi hedikwatar Toyota ta Arewacin Amurka a 2017.

A Indiya, Gurgaon da ke kudu maso yammacin Delhi, wanda aka sauya wa suna zuwa Gurugram a 2016, ya bi wata hanyar. Masana'antar motoci ta Maruti ta fara aiki a can a 1983, kamfanin General Electric ya kafa ofishin ayyukan bayan fage (irin su lissafi da sarrafa takardu) a 1997, kamfanonin gine-gine masu zaman kansu suka tsayar da dogayen benaye. Amma garin bai samu cikakkiyar hukumar birni ba sai 2008. Ayyuka sun riga bututun ruwa da magudanai isowa, kuma har yau garin na fama da wannan giɓi.

Wani lokacin ma abin kan zarce. Tysons da ke gefen Washington ya tara ayyuka sama da 100,000, mazaunansa kuwa ba su kai 30,000 ba a ƙidayar 2020. Garin kwana ya koma garin wuni, har gundumar Fairfax ta fito da tsari a 2010 na jawo mutane su zo su zauna.

Ayyuka iri biyu ne

Masana tattalin arziki na raba ayyukan gari gida biyu. Akwai masu jawo kuɗi daga waje, kamar masana'anta, hedikwatar kamfani, cibiyar bincike ko babban rumbun rarraba kaya. Akwai kuma masu yi wa mazauna hidima: malanta, jinya, sayar da kaya, gyaran mota, rainon yara, aikin ƙaramar hukuma. Rukuni na biyu shi ya fi yawa a kusan kowane gari, kuma a birnin gefe shi ke fara girma, domin duk iyalin da suka tare suna buƙatar aji da likita da mai gyara.

Enrico Moretti na Jami'ar California da ke Berkeley ya ƙiyasta cewa kowane sabon aikin masana'anta na haifar da kusan ayyukan hidima 1.6, na fasahar zamani kuma kusan biyar. Shugabannin birane na son ambaton wannan lamba ta biyar. Timothy Bartik na cibiyar Upjohn da ke Michigan na ganin abin bai kai haka ba sosai, musamman in ana maganar ƙaramin yanki, saboda tsadar fili da haya da sabon kamfani ke jawowa na korar wasu ƙananan sana'o'i. Akwai kuma abin da lambar ba ta faɗa: ayyukan da aka haifa suna bazuwa ne a duk yankin, ba sa tsayawa a iyakar garin da ya yi ɗawainiyar jawo kamfanin.

Gini na da nasa halin. A garin da ke girma, magina da kafintoci da masu haɗa wuta da famfo sukan zama kaso mai tsoka na ma'aikata, sai dai aikinsu na tafiya ne da ci gaba da zuwan baƙi. Da kasuwar gidaje ta rushe a Amurka, ɓangaren gini ya yi asarar ayyuka fiye da miliyan 2 tsakanin 2006 da 2011, kuma garuruwan gefen Phoenix da Las Vegas na cikin waɗanda suka fi ji a jikinsu. Rumbunan kaya su ne sabon abu. Cinikin intanet ya sa ma'aikatansu a Amurka sun ninka kusan sau uku tsakanin 2010 da 2022, kuma galibinsu a gefen birane aka gina su, kusa da mahaɗar manyan hanyoyi. Aiki ne da ba ya neman digiri, amma na karɓa-karɓa ne, mai gajiyar da jiki, mutane na shiga suna fita. Cibiyoyin adana bayanan kwamfuta kuwa sukan kawo haraji mai yawa da ma'aikata ƙalilan da zarar an gama ginin.

Masu fita da masu shigowa

A nan ne amsar ruɗanin farko take. Gidajen sabon birnin gefe yawanci an gina su ne don iyalai masu matsakaici ko babban albashi, kuma ayyukan irin waɗannan mutane na warwatse a faɗin yankin. Ayyukan da garin da kansa ke samarwa da yawa kuwa na hidima ne, albashinsu bai isa hayar garin ba. Sai a wayi gari injiniya da akanta na fita, mai shara da mai taimaka wa nas da mai sayar da kaya a kanti na shigowa, su yi kiciɓis a kan hanya kowa ya nufi inda ɗayan ya fito.

Tun a 1968 John Kain na Jami'ar Harvard ya yi nazarin wani fannin wannan matsala a Detroit da Chicago. Ya nuna cewa ayyuka na ƙaura zuwa gefe, baƙaƙen fata kuma wariyar gidaje ta tsare su a tsakiyar birni, nisan da ke tsakani na rage musu damar samun aiki. Har yanzu ana muhawara kan ko nisa ne ya fi tasiri ko wariya wajen ɗaukar aiki da ƙarancin ilimi, amma ba a cika musun cewa nisan na da nasa rabon ba. Wani masanin, Robert Cervero, ya bi ta wani ɓangaren a ƙarshen shekarun 1980, yana auna daidaito tsakanin yawan ayyuka da yawan gidaje a kewayen San Francisco. Abin lura daga wannan layin bincike shi ne, ko da lambobin biyu sun yi daidai a takarda, ba dole ne masu gidajen su zama masu ayyukan ba. Farashin gida sai ya dace da albashin aiki.

Dokar tsara filaye na da hannu dumu-dumu. A biranen gefe da dama na Amurka, galibin filayen zama an keɓe su ne ga gida ɗaya na iyali ɗaya mai tsakar gida, ba a yarda a gina benen haya ba. Masu goyon bayan haka na cewa sun sayi gida ne don natsuwa, kuma ƙarin jama'a na nufin cunkoso a hanya da cikowa a aji. Masu adawa na cewa gari ba zai so asibiti da makaranta ba sannan ya ƙi wa masu aiki a cikinsu wurin kwana. Masu ɗaukar aiki, waɗanda a da ba ruwansu da maganar gidaje, sun fara shiga wannan sahu saboda guraben da suka kasa cikewa.

Sufuri ya ƙara dagula lamarin. Yawancin layukan bas da jirgin ƙasa an zana su ne kamar wayoyin ƙafar keke, duk suna nufar tsakiya. Tafiya daga wannan gefe zuwa wancan gefe, wadda ita ce ta fi ƙaruwa, sai da mota. Brookings ta ƙiyasta a 2011 cewa mazaunin babban yankin birni a Amurka na iya kai wa ga kusan kashi 30 ne kawai na ayyukan yankinsa ta sufurin gwamnati cikin minti 90. Faransa na ƙoƙarin toshe wannan kafa da sabon layin dogo na kusan kilomita 200 mai tashoshi 68 da zai haɗa garuruwan kewayen Paris da juna ba tare da an ratsa tsakiya ba.

A ƙasashe masu tasowa akwai ƙarin wani labule. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kusan kashi 61 na masu aiki a duniya, mutum biliyan 2, sana'o'insu ba su da rajista. Ƙirgen da ke dogara da takardun albashin kamfanoni ba ya ganin mai gadi da 'yar aikin gida da direban haya da ke riƙe da sababbin unguwanni.

Aiki daga gida

Annobar korona ta sauya lissafi. A Amurka, masu aiki daga gida sun tashi daga kashi 5.7 a 2019 zuwa kashi 17.9 a 2021, suka sauko zuwa kashi 13.8 a 2023. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokin aikinsa Arjun Ramani sun nuna yadda jama'a da kasuwanci suka janye daga tsakiyar manyan birane zuwa kewaye. Wanda zai je ofis sau biyu ko uku a mako zai iya jure zama nesa, kuɗin da yake kashewa da rana kusa da ofis kuma sun koma unguwarsu. Ribar birnin gefe ke nan. Asararsa ita ce tsofaffin rukunan ofisoshi da suka zama kufai. Ga masu lissafi kuwa an samu sabon ciwon kai: ma'aikacin da ke zaune a ɗakinsa a garin gefe, takardun kamfaninsa na iya nuna aikin a wani birni daban.

Taƙaddama kan rangwamen haraji da fifita 'yan gari

Hanyar da hukumomi suka fi bi wajen jawo ayyuka ita ce rangwamen haraji, ba da fili, ko tallafin kuɗi kai tsaye. Jihar Texas ta ba Toyota dala miliyan 40 kan ayyuka kusan 4,000. Magoya baya na cewa in ba ka ba da ba maƙwabcinka zai bayar, kuma harajin ofisoshi da masana'antu ne ke ɗauke wa masu gidaje nauyin makarantu da hanyoyi. Suna da hujja, domin gari mai gidaje zalla yakan kashe wa kowane iyali fiye da abin da yake karɓa.

Masu suka na kafa hujja da bitar da Bartik ya yi a 2018, wadda ta nuna cewa aƙalla kashi 75 na kamfanonin da aka ba rangwame da can ma wurin za su zaɓa. Suna kuma tuna kamfanin kayan lantarki na Foxconn, wanda a 2017 ya yi alkawarin ayyuka 13,000 a Mount Pleasant ta jihar Wisconsin bisa tallafin kusan dala biliyan 3. A 2021 aka sake yarjejeniyar zuwa ayyuka 1,454, bayan ƙananan hukumomin yankin sun riga sun ci bashi sun sayi filaye sun ja ruwa da hanyoyi. Wasu yankuna sun nemi mafita ta haɗin gwiwa. Bisa wata dokar 1971, garuruwan yankin Minneapolis da Saint Paul na zuba kashi 40 na ƙaruwar tushen harajin kasuwanci da masana'antu a asusu ɗaya a raba. Jihohin Kansas da Missouri kuma sun yi sulhu a 2019 kan daina ƙwace wa juna kamfanoni a yankin birnin Kansas, inda a da ake biyan kamfani ya matsa 'yan kilomitoci ya tsallaka iyaka ba tare da an ƙaru da aiki ko ɗaya ba.

Ko kamfani ya cika alkawari, sauran tambayar wa zai samu aikin. Da yawa daga ma'aikatan Toyota na Plano sun taso ne daga California da Kentucky da New York tare da kujerunsu. Binciken Bartik ya nuna cewa in an ɗauki dogon lokaci, mafi yawan sababbin ayyuka baƙi ne ke cike su. Wannan ya sa wasu ke neman a tilasta ɗaukar 'yan gida. Jihar Haryana, inda Gurugram yake, ta yi dokar ware wa 'yan jihar kashi 75 na ayyukan kamfanoni masu albashin da bai wuce rupi 30,000 a wata ba. Ta fara aiki a Janairun 2022, babbar kotun Punjab da Haryana ta soke ta a Nuwamban 2023 bisa cewa ta saɓa wa tsarin mulki. Masu ra'ayin tsaka-tsaki sun fi karkata ga horar da mutane a kwalejojin sana'a bisa buƙatar masu ɗaukar aiki, da sharaɗin a karɓe tallafi in ba a cika adadin ayyuka ba.

Wanda abin zai shafa

Mai gida da ya daɗe a garin zai ga darajar gidansa ta hau, harajinsa ma ya hau tare da ita. Ɗan haya shi ne ke cikin tsaka mai wuya, domin albashi kan ɗaga a garin da ake rububin ma'aikata, amma haya kan riga shi gudu. Tun cikin shekarun 2000 talakawan da ke zaune a kewayen manyan biranen Amurka suka fi na cikin biranen yawa, alhali ofisoshin tallafi da layukan bas sun fi taruwa a tsakiya.

Matashi mai neman aikin farko zai samu cikin sauƙi a kanti ko rumbun kaya. Hawa daga nan zuwa aikin da zai riƙe iyali ya dogara da ko akwai wurin koyon sana'a kusa, da ko yana da abin hawa. Mata masu ƙananan yara kuwa nisan hanya ya fi takura su. Bincike a Birtaniya da Faransa ya nuna cewa mata, musamman bayan haihuwa, sukan karɓi aiki mai ƙarancin albashi in dai yana kusa da gida, don haka kusantowar ayyuka masu kyau da samuwar wuraren rainon yara na iya sauya yawan matan da ke cikin kasuwar ƙwadago fiye da yadda ma'aunin rashin aikin yi zai nuna. Mai ƙaramar sana'a zai samu masu saye, ya rasa masu yi masa aiki, saboda babban kamfani ya fi shi biya.

Akwai kuma abin da lokaci ke yi. Iyalan da suka tare kusan lokaci ɗaya sukan tsufa kusan lokaci ɗaya. Garin da yau ke gina makarantu yana neman malamai ido rufe, bayan shekara ashirin ko talatin zai koma neman ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi a gida, a daidai lokacin da filayen gini suka ƙare, kuɗin shigar da sababbin gidaje ke kawowa ya ragu, hanyoyi da bututun da aka shimfiɗa tare kuma suka isa gyara tare. Aikin kula da tsofaffi na cikin masu ƙarancin albashi, kuma ba a yin sa ta kwamfuta daga nesa.